Randar da Yaya Ya Aro

Da sunan Allah nake farawa, Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda ba a tambayarsa dalili. A kan Yayana nake wannan rubutu, don 'ya'yansa da jikokinsa su san mutumin da suka fito daga gare shi, tun kafin mu da muka san shi mu bi bayansa.

Ya rasu a gidansa na Malali a Kaduna a ƙarshen sanyi, zafi ya fara leƙowa. Ma'aikatan gwamnati ne suka fara isowa, suka jera motocinsu a bakin lambatu, suka zauna gefe guda suna magana ƙasa-ƙasa. A kwanakin zaman makoki kuma sai wasu irin mutane suka riƙa sauka daga motocin haya, waɗanda unguwar ba ta saba gani ba. Masaƙa daga wajen Zariya, dukawa, wani maƙeri da ƙaton rawani ƙafa ba takalmi, da wani marini wanda da ya ɗaga hannu zai yi addu'a aka ga shuni ya ci shi har wuyan hannu. Wata Baturiya ta zo daga Ikko, ta tuɓe takalmi a bakin tabarma, ta rasa yadda za ta yi da ƙafafunta, ta zauna haka nan tana kuka.

Maƙwabcin Yaya, wani tsohon masinja, ya daɗe yana kallon taron, sannan ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ashe aikin nan nasa aiki ne? Wallahi duk zamanmu na ɗauka tarkace yake tsinto wa gwamnati."

Na ce masa ba shi kaɗai ba ne. Mahaifiyarmu ma har ta koma ga Allah tana cewa ɗanta ya yi karatun boko ya ƙare a dakon tukwane.

Ga wanda bai sani ba, Yaya ma'aikaci ne a sashen gwamnati mai kula da kayan fasaha. Yakan shiga ƙauyuka ya nemo aikin hannu mai kyau, saƙa ko ƙira ko sassaƙa ko ginin tukwane, ya tsara shi a zaure don jama'a su gani. Wani lokaci ya kai shi ƙasashen waje, su ma ya sa su aiko da nasu. Ni kuwa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin allo a Badarawa. Ban taɓa hawa jirgin sama ba, iyakata in ɗaga kai in na ji na filin jirgin Mando suna wucewa. Abin da ya haɗa ni da aikinsa shi ne, ya dage kowane abu da aka baje sai an rubuta bayaninsa da ajami kusa da na boko, don mai aikin in ya zo ya karanta da kansa abin da aka ce a kansa. Ni nake rubutawa.

Ranar jana'iza, an ajiye makara, mun yi sahu, liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba. Ko akwai wanda ya ba mamaci ajiya, ko yake da wani haƙƙi a wuyansa, ya faɗa yanzu, ko wani daga dangi ya ɗauke masa. Wuri ya yi tsit. Liman ya ɗaga hannu zai kabbara, sai na ji bakina ya ce, "Akwai randa."

Ya ce, "Akwai me?"

"Randa, Allah gafarta malam. Ta aro ce. Na ɗauka."

Na ji wani a bayana ya haɗiye dariya. Liman bai yi dariya ba. Ya ce jama'a su shaida, ƙanen mamaci ya ɗauki randa. Sannan ya kabbara.

Randar ta wata tsohuwa ce maginiya, Kirista, a wani ƙauye bayan Zonkwa. Ɗanta malamin firamare ne, maƙwabcina a Badarawa, kuma daga bakinsa Yaya ya fara jin labarinta. Uwar tsohuwar ce ta gina ta, ita ce aikinta na ƙarshe kafin idonta ya tafi. Ƙatuwa ce, ta kai ƙugun namiji, an yi mata zane da totuwar masara da murɗaɗɗiyar igiya tun daga wuya har ciki. Tana zaune a gindin mangwaro a ƙofar gida, da faifai a bakinta da moɗa a kai, duk mai wucewa ya tsaya ya sha. Mutanen ƙauyen sukan ce ruwanta yana sa haƙori tsami don sanyi.

Yaya yana shirya baje kolin da za a kai wata ƙasar Turai mai tsananin sanyi, ya ga randar, ya kasa barci. Ya je ya ce zai saya, tsohuwa ta ce uwarta ba ta sayarwa ba ce. Ya koma ya ce aro, ta ce randa ba ta yawo. Ya riƙa komawa duk ƙarshen mako, ba ya ko ta da zancen. Ya zauna a gindin mangwaro, ya sha ruwa, ya taya jikokinta ɓare gyaɗa, ya yi sallama. Da ta gaji da ganinsa sai ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka da aiki ne a Kaduna?"

Ya ce, "Mama, ai kan aikin nake."

Ta yi masa sharaɗi biyu. Na farko, ya dawo da ita gida kafin zafin wata shekara, lokacin da mutane suka fi bukatar ta. Na biyu, a garinsu ba a barin gurbin randa a buɗe, sai ya kawo wata ya aza a wurin. Ba sabuwa ba, wai sabuwa ruwanta warin ƙasa yake yi. Wadda ta saba da mutane.

Yaya ya dawo Malali, ya shiga tsakar gida, ya kwashe ruwan randar matarsa ya juye a bokitai, ya ɗora ta a mota. Matarsa ta fito daga ɗakin girki da ludayi a hannu ta ce, "Ina za ka kai min randa?"

Ya ce, "Jingina."

Ta ce, "Ni ma ranar da Turawa suka ce suna so, sai ka sanar da ni in yi wanka."

Shekara guda gidan babban ma'aikaci ana shan ruwan bokiti. Ya ce a sayi wata, ta ce ba za a saya ba, tata take jira.

Haka yake. Duk abin da aka nuna masa, tambayarsa ta farko ita ce, "Mai shi yana da rai?" In an ce yana da rai, sai ya je ya gan shi, ko da ƙauyen sai an tuɓe takalmi an ƙetare rafi. In an ce ya mutu, sai ya ce, "To wa ya bari?" Akwai 'yan kasuwa a lokacin masu bin ƙauyuka suna kwashe tsofaffin kaya su sayar wa baƙi a otal. Bai taɓa sayen komai a hannunsu ba, kuma in suka hango shi sukan canza hanya.

Yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba abokan aikinsa haushi. In baƙi suka aiko da kayansu, ba ya yarda su tsaya a zauren Kaduna kawai manya su kalla. Sai ya loda su a akori-kura ya kai wa masu irin sana'ar. Na bi shi wata rana ya kai wa masaƙa wasu barguna da aka saƙa a ƙasar waje. Aka shimfiɗa tabarma a bakin kasuwa. Ba wanda ya kalli fuskar bargon. Juyawa suka yi suna duba bayansa, suna bin zare da farce. Wani tsoho ya ce, "Nan yunwa ta kama shi, ga inda ya yi gaggawa." Wani ya ce, "Amma dubi wannan ƙulli. Wannan uwarsa ta iya." Yaya yana gefe yana dariya har da hawaye. A hanyar dawowa ya ce min, "Ka ga abin da nake nema ke nan. Su biyu ba za su taɓa haɗuwa ba, amma yau sun gaisa."

Na kuma ga ranar da wani makaho ya zo zauren da sandarsa, mai gadi ya tare shi ya ce nan wurin kallo ne. Yaya ya ji daga ciki, ya fito ya kama hannunsa. Ya sa aka kawo makullai aka buɗe akwatunan gilashi, ya riƙa ɗauko abu ɗaya bayan ɗaya yana sa masa a hannu. Da aka zo kan wani zane rinanne, mutumin ya kai shi hanci ya shaƙa, sannan ya ce irin wannan uwarsa take goya shi da shi. Yaya bai karɓi zanen ba sai da mutumin ya miƙo da kansa.

Ba kullum muke shiri ba. Akwai ranar da ya kawo min bayanin wani gunki na itace da aka sassaƙa da siffar mutum, ya ce in rubuta. Na ce alƙalamin da nake rubuta wa yara allo da shi ba zai rubuta wannan ba. Ya ce ba bauta masa aka ce in yi ba, sunan mai sassaƙar kawai da garinsu. Na ce na ji, ba zan rubuta ba. Muka ɗaga murya har matarsa ta leƙo. Ya ce, "Kai tun kana yaro kanka dutse ne." Na ce, "A gidanmu na gani." Ya kwashe takardunsa ya fita. Bayan sallar Juma'a sai ga shi a Badarawa da ƙullin goro, ya zauna muka yi hirar gonar gado kamar ba a yi komai ba. Daga ranar, in akwai irin waɗannan a cikin kaya, yakan cire nasu tun kafin ya kawo min. Ni ban rubuta ba, shi bai fasa baje su ba, kuma har ya rasu ba wanda ya ce da ɗan'uwansa ya yi kuskure.

Kayan sun dawo daga Turai ana saura kaɗan ya kwanta ciwo. Ya aiko a kira ni in ga buɗe akwatin randar a siton ofishinsu. Aka ɓanɓare katako, aka janye ciyawa. Ga randa lafiya lau, ko ƙwarzane babu, sai ƙyalli take yi kamar an shafe ta da man shanu. Ma'aikata suka hau tafi. Yaya ya sa tafin hannu a cikinta, ya shafa, ya shinshina, na ga fuskarsa ta canza. Ya ce a kawo ruwa. Aka zuba, muka zauna. Har aka yi azahar jikin randar a bushe yake ƙamas, ruwan kuma ɗumi kamar na tulun roba.

Abin da ya faru shi ne, masu kula da kayan a can sun ga ƙasar randar tana ɗan zuba, suka ji tsoron kada ta lalace a hannunsu, suka shafe ta ciki da waje da wani ruwan magani mai kama da ƙaro. Da kyakkyawar niyya suka yi. Sai dai randa da gumi take sanyaya ruwa, su kuma sun toshe duk inda gumin zai fito.

Yaya ya zauna a kan akwatin ya ce, "Na karɓi randa, zan mayar da gunki."

Bai samu ya mayar ba. Ciwon ya kayar da shi a makon. Wata rana da la'asar, ina zaune a bakin gadonsa ina yi masa tofi, ya kama hannuna ya ce, "Randar nan. In ban tashi ba, kai za ka kai. Kada ka aika direba. Kuma ka faɗa mata abin da aka yi mata a gidanta, randar tana gabanta, kafin a kwance buhu. Kada ka bari ta gano da kanta, sai ta ce mun ɓoye."

Na ce, "Za ka tashi ka kai da kanka."

Ya ce, "Ka ce to kawai, kai mai kan dutse."

Na ce to.

Ranar sadakar bakwai tsohuwar ta zo, ɗanta yana riƙe da ita. Ta kawo acca da ɗanyar citta a kwando, ta shiga wurin mata. Matar Yaya ta gaya min daga baya cewa ko sau ɗaya ba ta ambaci randarta ba. Da aka kawo mata ruwa dai ta dubi bokitin ta ce, "Taki tana nan lafiya, 'yata. Ina ba ta ruwa kullum. Ta fi son inuwa, irin matan birni." Ranar ce matar Yaya ta fara yin dariya tun rasuwar.

Na tare ta a ƙofar gida za ta tafi. Na durƙusa na ce, "Mama, randarki tana wuyana."

Ta ce, "Ba don randa na zo ba, ɗana."

"Na sani."

"To kada ka dami kanka. Wanda ya ɗauka ya tafi."

Na ce, "Shi ya sa, Mama. Inda ya tafi ana tambaya."

Ta dube ni sosai, ta ce, "Haka ne. Mu ma haka aka gaya mana." Ta kama hannun ɗanta suka wuce.

Da aka tashi zaman makoki na tafi ofis wurin mataimakin Yaya, wanda aka ba riƙon kujerarsa. Yaro ne mai hankali, Yaya ne ya rene shi a aikin, kuma shi ya fi kowa kuka a maƙabarta. Ya tarbe ni da girmamawa, ya sa aka kawo shayi. Da na faɗi abin da ke tafe da ni sai ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Baba Malam, randar nan yanzu ba irin sauran ba ce. Hotonta ya fito a mujallun waje. Kwamishina ya ce ita za a sa a tsakiyar sabon zaure ranar buɗewa. In ta koma ƙauye, akuya ɗaya ta isa ta gama da ita. A nan kuwa jikokin jikokinmu za su gan ta. Za mu kai wa tsohuwa sababbi guda nawa take so."

Na ce, "Duk abin da ka faɗa yana iya zama gaskiya. Amma ba kai aka ba aro ba, ba ni aka ba ba, kuma wanda aka ba ba ya iya zuwa ya yi bayani. Ni na ɗauka a gaban makara."

Ya ce in ba shi lokaci.

Na ba shi. Ni ba ni da muƙami, ba ni da wanda zan kai ƙara wurinsa, ban ma san ƙofar ofishin Kwamishina ba. Abin da na iya shi ne abin da na ga Yaya ya yi. Kowace safiya in na sallami yara, sai in hau keke daga Badarawa in je in zauna a bencin da ke ƙofar ofishinsa da carbina. In ya fito in ce, "Ina kwana, ranka ya daɗe." In zai tashi in ce, "Allah ya huta gajiya." Ban sake ambatar randa ba. Masinjoji suka saba da ni har suna ajiye min wuri. Zafi kuwa yana ƙaruwa, mangwaro ya fara nuna a kasuwa, ina lissafin cewa lokacin da Yaya ya yi alkawari yana wucewa a kan idona. Wata rana mataimakin ya bi ta ƙofar baya don kada mu haɗu. Washegari na koma da zama ƙofar baya.

Ba zamana kaɗai ya yi aikin ba. Ana shirin wani sabon baje koli, mataimakin ya tafi da kansa wurin wani masaƙi a wajen Zariya neman aron wata tsohuwar riga. Masaƙin yana cikin waɗanda suka zo zaman makoki, a can ya ji zancen randar. Ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo fura, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Randar nan ta koma?" Ya je wurin dukawa, suka yi masa tambayar nan. Maƙerin ma bai bari ya zauna ba. Ashe maganar ta bi kasuwanni, ba ni na kai ta ba.

Ya dawo ya same ni a benci, ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Baba Malam, ashe duk abin da ke zauren nan ba da takardar gwamnati aka same shi ba. Da fuskarsa aka samu." Sannan ya ce, "Kwamishina zan iya shan faɗansa. Tsohuwar nake tsoro. Da wane ido za mu kai mata randar da ba ta sanyaya ruwa?"

Na ce, "Da wanda Allah ya ba mu. Kai dai ka tuƙa, ni zan yi magana."

Muka naɗe ta da buhunan algarara, muka kafa ta a bayan akori-kura a cikin tsohuwar taya. Na ƙi shiga gaba. A baya na zauna na rungume ta tun daga Kaduna, duk ramin da aka faɗa sai na ji shi a haƙarƙarina. Ɗan tsohuwar yana gaba yana nuna hanya.

Mun isa rana ta take. Kafin a sauke, ƙauyen ya taru a gindin mangwaro, mata suna guɗa. Tsohuwa ta fito da sanda, ta miƙa hannu za ta kwance igiya. Na ce, "Mama, dakata. Akwai saƙo daga wanda ya ɗauka."

Na faɗa mata duka, ban rage ba. Na ce ba ta fashe ba, amma an shafe ta da abin da ya hana ta gumi, mun gwada, ruwanta ɗumi. Na ce Yaya ya gani da idonsa, abin ya tsaya masa a rai har ya rasu, kuma ya ce a nemi gafararta. Guɗa ta tsaya. Mataimakin yana tsaye kamar wanda za a yanke wa hukunci.

Ta kwance buhun da kanta. Ta shafa randar tun daga wuya har gindi, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ta kasa kunne. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Mutanen can, sun kalle ta?"

Mataimakin ya ce, "Mama, layi suka riƙa yi a cikin sanyi. Ina wurin. Wata tsohuwa kamar ke kullum sai ta zo ta tsaya a gabanta."

"Sun san wadda ta gina?"

Na ce, "Sunan mahaifiyarki yana jikin allon da ke gabanta. Da hannuna na rubuta."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To ba mugunta suka yi ba. Tsoro suka ji, suka rufe ta da yawa, kamar mai sabon jariri." Ta juya wurin matan gidan ta yi musu magana da yarensu, suka watse. Ɗanta ya ce min ta ce a tara itace da ciyawa, gobe akwai gashin tukwane, za ta mayar da randar wuta abin ya ƙone.

Mataimakin ya ce, "Mama, tsohuwa ce fa. Wuta za ta iya fasa ta."

Ta ce, "Za ta iya. In ta fashe, a gida ta fashe."

Muka kwana a ƙauyen. Da safe aka kifa ta a tsakiyar sababbin tukwane, aka lulluɓe da itace da ciyawa, tsohuwa ta sa wuta da hannunta. Wani baƙin hayaƙi mai ɗaci ya tashi, yara suka toshe hanci. Can muka ji ƙara, tas, daga cikin wutar. Ba wanda ya dubi wani. Ni dai bakina bai daina motsi ba, duk addu'ar da na sani na yi ta.

Sai da toka ta huce aka tone. Ƙyallin ya tafi. Ta yi baƙi a gefe guda, kuma leɓenta ya ɓalle kamar faɗin tafin yaro. Tsohuwa ta ɗauki ɓallin ta ƙulle a bakin zanenta, ta ƙwanƙwasa cikin randar, ta ce a ɗauraye a aza a gurbi. Aka sauke randar matar Yaya aka kai mota. 'Yan mata suka yi ta jido daga rafi har ta cika, aka rufe da faifai.

Muka zauna jira a inuwa. Na yi azahar a gefe, na dawo. Da rana ta karkata, tsohuwa ta ce, "Malam, tashi ka taɓa. Kai ka ɗauka."

Na tashi na aza tafin hannuna a cikinta. Na ɗago shi a jiƙe.

Ta ɗebo da moɗa ta miƙo min. Na yi bisimilla na sha, sanyin ya hau min har ka. Na ce, "Mama, kin karɓa?"

Ta ce, "Na karɓa."

"Kin yafe masa leɓen?"

Ta ce, "Kai ma irinsa ne, ba ka barin magana. Na yafe. Ka gaya wa limaminku ɗana marigayi ba shi da kayana a wuyansa."

Ranar Juma'a na gaya wa liman a gaban jama'a, ya ce a shaida. Daga masallaci na wuce maƙabarta ni kaɗai, na tsaya wajen kan Yaya na yi masa sallama, na ce an kai, ta karɓa.

Ya Allah, bawanka ne ɗan bawanka, ya zo maka ba da kayan kowa ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Mu kuma da muka saura, ka ba mu ikon sauke abin da muka ce mun ɗauka. Amin.